Kore ne ko ja?

Litinin, 3 ga Maris

Likita ta tsayar da rana: sha bakwai ga wata. Za a cire ƙarin da ke mahaifata, in kwana a asibiti kamar mako guda in komai ya tafi daidai. Tana bayani tana zana min abin a takarda, ni kuwa ashirin da biyu ga wata ce ke yawo a kaina. Liyafar kamfanin sabulu. Ana maganar yanka cikina, ina tunanin taye.

Na tambaye ta ko za a ɗaga zuwa ƙarshen wata. Ta cire gilashi ta dube ni, ta ce an riga an ɗaga min sau biyu, ba za ta sa hannu a na uku ba.

Laraba, 5 ga Maris

Bari in rubuta shi sau ɗaya a nan, tunda ban taɓa furta shi ga kowa ba. Baban yara ba ya bambance launi. Shuɗi yana gani, rawaya yana gani, fari da baƙi ba matsala. Amma ja mai duhu da kore mai duhu da ruwan ƙasa duk abu ɗaya ne a idonsa. Ruwan hoda kuwa toka yake ce masa.

Kuma wannan shi ne mutumin da ake kira Sarkin Gayu. Aikinsa gabatar da taro: aure, ritaya, buɗe shago, liyafar kamfani. Rabin abin da ake ɗaukarsa dominsa baki ne, rabin kuma shiga. Matasa suna ɗaukar hotonsa su kai wa tela. Ana tambayarsa wa ya koya masa haɗa kaya, sai ya shafa gemu ya ce baiwa ce. Baiwar tana kicin tana wanke tukunya.

Tun muna amarci na gano. Na aike shi ya sayo tumatir nunanne, ya dawo da ɗanye shar, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Da na matsa masa sai ya zauna a bakin gado ya faɗa min, kansa a ƙasa kamar wanda aka kama da sata. Ya sa na yi alkawari. Daga ranar ni ke fitar masa da kaya, tun daga hula har safa. Yaranmu da suka girma suka bar gida ba su sani ba. Yayarsa ba ta sani ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Matar da ke shirya wa kamfanin sabulu taro ta sake kira. Ina jin muryarta daga inda nake guga. Launinsu kore ne, kowa kore zai sa. Abokan hamayyarsu ja ne nasu, kuma su ne suka kwashe musu manaja da rabin 'yan kasuwarsu bara. “Ko ɗigon ja kar a gani a jikinka, ranka ya daɗe.” Ya yi dariyar nan tasa ta makirufo ya ce ta kwantar da hankalinta, ai da gwani take magana.

In taron ya yi kyau, duk tarukansu na shekara shi za a ba. Ya daɗe yana neman irin wannan, don yaran zamani masu rawar kai sun fara cinye masa bukukuwan aure.

Da ya ajiye wayar bai kalle ni ba. Ni ma ban kalle shi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Yau na wuni a gaban kabad. Taro uku ne za su faɗo ina asibiti.

Na ritayar shugaban makaranta na haɗa masa kaftani ruwan toka da hula mai sanyin launi. Ba a zuwa wajen tsohon da ake sallama a fi shi haske. Na auren Juma'a shuɗi mai duhu da aikin zare a wuya, yadda na kujerar baya zai hango shi amma ango ba zai ji haushi ba. Wannan shi ne abin da mutane ba su gane ba, ba kyan kaya ne kawai ba, sai ka san wa ke da ranar. Na kamfani kuwa baƙar kwat, farar shat, koren taye, koren hankici a aljihun ƙirji, baƙin takalmi da baƙin bel.

Kowace shiga hanga ɗaya. Safa a aljihu, hula a leda na rataye a wuyan hangar, takalmi a ƙasa daidai saitinta. Na jera su yadda ranakun za su zo, daga hagu zuwa dama. Na so in maƙala 'yar takarda a kowace, sai na tuna Yaya, yayar tasa, za ta zo ta riƙe gidan, kuma Yaya ko ƙura ta sauya wuri sai ta yi tambaya.

Matsalar ita ce jan tayen. Tare na saye su da koren, shago ɗaya, yadi ɗaya, faɗi ɗaya. Ko ni sai na kai su haske. Na naɗe jan na cusa shi can ƙasan akwatin zannuwana.

Lahadi, 9 ga Maris

Jiri ya ɗebe ni a banɗaki. Ban faɗa masa ba.

Talata, 11 ga Maris

Mun yi gwaji. Na zauna a falo na ce ya shiga ya shirya kamar ba na nan. Ya fito tsaf, har da juyi yana ce min, “Maman yara, a tafa mana.” Ban tafa ba, na ce kan tayen ya karkace. Ya ce ni dai ban iya yabo ba. Gaskiyarsa ne, amma wanda ke gyara ba ya samun lokacin yabo.

Na ce masa ko zai faɗa wa Yaya kawai, don a samu mai duba shi kafin ya fita. Nan take fuskarsa ta sauya. Ya ce in na gaji da rufa masa asiri in faɗa masa kai tsaye. Raina ya ɓaci sosai. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa yin tafiyar da ta wuce kwana biyu ba saboda kabad ɗin nan. Rasuwar ƙanwar mahaifiyata ma sammako na yi na dawo, ana ta gulmar ba ni da zumunci.

Ban faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na ce ya cire kwat ɗin kafin ta yamutse.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ƙara hanga ta huɗu a ƙarshen layi. Farin kaftani mara aiki, farar hula, silifas. Irin wanda mutum zai zauna da shi a tabarma mutane suna shigowa suna fita. Ba na son a zo yi masa gaisuwata a same shi da ruwan hoda.

Ya gani da yamma. Ya tambaya wannan na wane taro ne. Na ce na ko-ta-kwana. Ya tsaya yana kallon kaftanin, ya daɗe, sannan ya cire hangar ya jefa a saman kabad inda hannuna ba ya kaiwa. Ya fita bai ci abinci ba.

Tsoro nake ji. Na rubuta, kuma ban ji sauƙi ba.

Asabar, 15 ga Maris

Yaya ta iso da jakunkuna uku da tsintsiyarta, wai tsintsiyar gidan wasu ba ta shara. Kafin ta zauna ta shafa yatsa a kan talabijin ta duba. Na ce, “Yaya, don Allah komai na gidan nan naki ne, amma kabad ɗinsa a bar shi yadda yake, na riga na shirya.” Ta ce ita me zai kai ta ɗakin ƙaninta, ta yi kama da marar aikin yi?

Ta yi kama.

Lahadi, 16 ga Maris

Asibiti. Gado na kusa da taga, labule kore. Na tambaye shi da wasa wane launi ne, ya ce in bari. Ya riƙe hannuna har nas ta kore shi.

Laraba, 19 ga Maris

Ina raye. Cikina kamar an ɗora min dutsen niƙa, tari ma sai na yi shawara da kaina. Likita ta ce an cire komai lafiya.

Ya biyo daga wajen ritaya da kaftanin toka. Kafin in amsa sannunsa na duba ƙafarsa. Safar daidai ce.

Juma'a, 21 ga Maris

Auren ya wuce lafiya, ya turo hoto. Saura ɗaya.

Yaya ta kawo abinci tana ba ni labarin irin aikin da ta sha a gidan. Ta wanke labule, ta juya kujeru, ta zubar da robobina da nake tarawa. Ta ce gobe da safe za ta “ƙarasa ɗakunan ciki”. Na ce, “Yaya, ban da kabad.” Ta ce ta ji, ai ba kurma ba ce. Jikina ya fara zafi tun la'asar, nas ta ce za su sa ido.

Lahadi, 23 ga Maris

Jiya ban iya riƙe biro ba. Zazzaɓi ya rufe ni tun hantsi, wai ɗinkin ne ya so ya yi ruwa. Aka kira Yaya ta taho da rana ta zauna da ni, aka yi min allura, na yi barci kamar an jefa ni rijiya. Wayata tana cikin jaka.

Da asuba na farka na jawo ta. Kira bututu, duk nasa. Sai hoto: taye biyu shimfiɗe a kan gadonmu. A ƙasa ya rubuta, “Na dama ko na hagu?” Bayan wani lokaci, “Maman yara?” Sannan na ƙarshe: “Na ɗauki na hagu. Ki yi min addu'a.”

Na hagu shi ne jan.

Gabana ya faɗi har sai da na ji a wurin ɗinkin. Na tashi Yaya daga kujerar da take gyangyaɗi, na ce me ta yi a kabad. Ta ce gyara. Wai ta buɗe don ta share ƙasa sai ta ga an cakuɗa komai, wando da riga da safa a hanga ɗaya kamar kayan mahaukaci. Ta ware, riguna wuri ɗaya, wanduna wuri ɗaya, kamar gidan mutane. Kuma ta tsinci tayensa mai tsada a cikin zannuwana, ta mayar masa da shi cikin 'yan uwansa. “Ko godiya babu?”

Na buɗe baki in yi mata ihu. In ce me? Ta mayar da taye wurin taye. Na juya fuskata bango ina hawaye, ita kuma tana ce wa nas zazzaɓin ne ya taɓa min kai.

Na kira shi, a kashe. Ba ya kashe waya sai abu ya ɓaci.

Lahadi dai, da yamma

Ya zo bayan azahar. Na zata zan ga mutum a karye, sai ga shi yana tafe yana kaɗa mukullin mota. Ya ce Yaya ta zauna, ita ma ta ji.

Ga abin da na iya riƙewa. Ya tsaya jiran amsata har ya makara, ya shiga ta ƙofar baya kai tsaye zuwa dandamali, ba wanda ya tare shi. Ya karɓi makirufo ya yi sallama, sai ya ji zauren ya ɗauki gunaguni. Matar kamfanin tana gefe ta dafe kai. Can wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Su wa suka turo ka?” Aka kwashe da dariya, irin wadda ba ta da daɗi.

Ya ce ya sunkuya ya kalli tayen, ya kalli zanen teburan, a wurinsa duk ɗaya. Ya ce ya yi tunanin ƙarya kala uku, kowace ta fi 'yar uwarta muni. Sai kawai ya ɗaga tayen sama ya ce, “Jama'a, wane launi ne a wuyana?” Suka ce ja. Ya ce, “To wallahi yanzu na ji. A idona shi da labulen can duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.” Ya faɗa musu komai. Tumatir ma bai bari ba. Ya ce Sarkin Gayun da suke gani matarsa ce, tana asibiti an yi mata aiki, shi ɗan aike ne kawai.

Wai sai shugaban kamfanin ya miƙe ya kwance nasa koren tayen ya hau ya ɗaura masa da hannunsa. Aka yi ta tafi. Wai bayan taro wani dattijo ya ja shi gefe ya ce shi ma haka yake, ko matarsa ba ta sani ba. Wayar kuwa ya kashe ta ne don kira ya yi yawa.

Yaya ta zuba masa ido. Can ta ce, “Ashe shi ya sa kake tsinko ɗanyen mangwaro Baba yana dukanka?” Ya ce eh. Ta rufe fuska da mayafi ta fita.

Ya juyo yana jiran in yi murna. Na ce ina jin barci.

Litinin, 24 ga Maris

Haushi nake ji, kuma na san bai kamata ba.

Na ce ya faɗa wa mutum ɗaya, yayarsa ta ciki ɗaya, ya ce na gaji da shi. Ya je ya faɗa wa zaure guda da makirufo, aka tafa masa. Ni da na riƙe abin nan kamar ƙwai shekara da shekaru, na ƙi tafiya, na yi wa 'ya'yana ƙarya, na sha tashi da ciwon kai in yi guga. Ashe abin da za a faɗa a yi dariya a wuce ne? To me na yi ta gadi?

Babbar 'yarmu ta kira, ta ga bidiyon a waya. Tana dariya tana cewa, “Mama, ashe ke ce!” Na ce eh, ni ce. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Talata, 25 ga Maris

An sallame ni. Na shiga ɗaki na buɗe kabad, riguna wuri ɗaya, wanduna wuri ɗaya. Na rufe.

Matar kamfanin ta kira da rana. Sun ba shi tarukan shekarar. Ta ce amma daga yanzu su za su riƙa aiko masa da taye, kuma shugaban yana son ya maimaita labarin tumatir a taron 'yan kasuwa. Ya yi ta godiya yana safa da marwa a falo. Na yi masa barka, da gaske nake, na san yadda ya so abin nan.

Wato kamfanin sabulu ma zai iya aikina.

Juma'a, 28 ga Maris

Likita ta hana ni guga da ɗaga hannu sama. Yau ina kwance na ji shi ta taga yana tambayar maigadin layinmu, da ƙarfi, ko hular nan ta shiga da rigar. Maigadi ya ce ta shiga. Maigadin da ke sa rigar sanyi a kan jallabiya.

Yaya za ta koma gobe. Ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ce in yafe mata kabad. Na ce ya wuce. Ta ce da na faɗa mata ai da ta taya ni, wannan kaya ya yi wa mutum ɗaya nauyi. Kafin ta fita ta ce ƙanwata ta kira ta, tana son in je in yi jinya a wurinta ko na wata guda ne. Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce saboda me? Na fara cewa saboda Baban yara, sai maganar ta tsaya.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Yana da buɗe wani shagon magani da safe. Na ji motsinsa a kabad, hanga tana ƙara, ya ciro ya mayar. Na yi lamo ina jira ya ce “Maman yara”. Bai ce ba.

Ya zo bakin gado zai yi min sallama. Kaftani ruwan ƙasa, hula mai ratsin ja da shuɗi, hankici ruwan hoda da na tabbata yana ganin toka ne. Kayan nan ko a kasuwa ba su taɓa gaisawa ba. Yana tsaye yana gyara hannun riga, fuskarsa fes, kamar yaron da ya ɗaura wa kansa takalmi.

Hular da ta dace tana nan a layi na biyu, ta uku daga hagu. Har na ɗaga yatsa.

Na ce, “A dawo lafiya.”

Gajiya ce kawai, ba wani abu ba, kuma likita ta ce in huta. Na ja bargo na koma barci, ban farka ba sai da rana ta shigo har kan gado. Da na tashi na kira ƙanwata na tambaye ta ko ɗakin baƙin nata yana da fanka.